Ɗan Turmin Shayin Surukina

Ranar da surukina ya rasu, wadda ta fi ba ni tausayi cikin masu kuka ba 'yar gida ba ce. Bafulatanar da ke kawo masa madara ce. Labari bai kai mata ba, ta shigo da hantsi kamar kullum da ƙwarya a ka, ta tarar an shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har tsakar gida. Ta tsaya tana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. Da ta gane, sai ta sauke ƙwaryar a gindin katanga inda ta saba ajiyewa, ta zauna kusa da ita ta rufe fuska da zane. Wata cikin mata ta ce ta ɗauki madararta ta kai kasuwa kada ta lalace. Ta girgiza kai.

"Tashi ta," in ji ta. "Da sunanshi nit tatso ta."

A waje kuwa maza sun cika ƙofar gida. An zo daga Aliero, an zo daga Jega da Maiyama, har da 'yan kasuwar albasa waɗanda rabonsu da garinmu Kashin Zama an daɗe. Liman ya shaide shi da sahun farko. 'Yan kasuwa suka ce buhunsa ne kaɗai ba sa zazzagewa su duba ƙasa, don abin da ke baki shi ke gindi. Amma maigidana ya ce ko ta ina aka ɗauko zancen, sai ya gangaro ya tsaya a kan shayi. Samarin gida sun sayo shayi a bakin hanya suka cika filas-filas don baƙi. Wani tsohon amininsa daga Gumbin Kure ya karɓi kofi, ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye a gefen tabarma. Sannan ya ce, "Allah shi ji ƙanai. Sai yanzu nis san ya tahi."

Ni matar babban ɗansa ce. Daga Birnin Malam aka kawo ni gidan nan, yau shekara ashirin da 'yan kai. A duk tsawon zaman ban taɓa faɗin sunansa ba, kuma ba a nan zan fara ba. Baba nake ce masa. Shi kuma Amarya yake ce mini, har na haifi 'ya'ya biyar, har furfura ta fara leƙowa ta gaban ɗankwalina. 'Ya'yansa sun fi ni sanin tarihinsa, ni abin da na sani kaɗan ne, kuma yawancinsa ta bayan katanga na san shi. Amma akwai wani abu tsakanina da shi wanda in ban rubuta ba zai bi ni kabari, shi ya sa na ɗauki biro.

Yadda ya samo shayin, kowa a garin nan ya ji labarin har ya haddace. Yana saurayi yakan kai albasa Jega. A lokacin akwai wani malami Ba'indiye da ke koyar da lissafi a wata makarantar sakandare, yana zaune da matarsa a gidajen malamai. Baba ya ce bai taɓa ganin mutanen da ke cin albasa irin waɗannan ba, sai ya ga ai ya samu 'yan'uwa. Duk mako yakan zaɓi masu kyau ya kai musu har ƙofa. Matar ba ta jin Hausa, shi ba ya jin komai sai Hausa. Rannan ta nuna masa ruwa da sabulu, ta tsaya a kansa har ya wanke hannu sau biyu, sannan ta miƙo masa wani abu mai ruwan ƙasa a ɗan kofi. Ya ce ya ɗauka kunu ne ya yi ruwa. Da ya kurɓa sai ya ji zafi ya bi maƙoshi ya sauka ƙirji ya zauna. Daga ranar, in ya sauke albasa sai ya tsuguna a ƙofar kicin yana kallon hannunta. Da za su koma ƙasarsu ta ba shi ɗan turmin da take daka kayan ƙanshi a ciki, na baƙin itace, bai fi tafin hannu biyu ba, da taɓaryarsa kamar tsawon cokali.

Da wannan turmin ya yi shayi har ƙarshen ransa, kullum bayan la'asar, a ƙarƙashin darbejiyar da ke gefen turakarsa. Ba ya yarda a kama masa. Zai wanke hannu sau biyu, don ya ce a garin da iska ma albasa take wari, sai mutum ya yi da gaske. Zai daka citta, kanumfari uku, ɓallin kirfa, masoro kaɗan, da wasu 'yan ƙananan kwanso kore masu ƙanshi waɗanda alhazai ke kira hel, shi kuma yake ce musu ilaci kamar yadda ya ji a bakin matar malamin. Duk wanda zai tafi Makka daga yankin nan ya san tsarabar Baba, ba ya son tasbaha, ba ya son hula, sai hel. Zai tafasa kayan da ruwa, ya zuba ganye, sannan madarar shanu da sukari. Madarar ta taso ya ɗaga tukunya, ta kwanta ya mayar, har sau uku. Sai ya tace, ya riƙa zubawa daga sama tsakanin tukunya da moɗa har kumfa ta hau.

Wanda ya ce a sa kimba, ranar ya jawo wa kansa wa'azi. "Kimba ta yaji ta," yakan ce. "In yaji ka ka so, shiga ciki a ba ka tuwo." Wanda ya sha da gaggawa kuma sai ya tambaye shi ko kura ce ta biyo shi. Akwai wani maƙwabci da ya taɓa tsoma burodi a ciki. Washegari da mutumin ya zo sai ya tarar an ajiye masa kwanon koko.

Ni ba na cikin wannan majalisa, kuma ba zan iya shiga ba. A wajenmu matar ɗa ba ta ci ba ta sha a gaban surukinta. Ko ruwa nake sha na ji takunsa, sai in ajiye moɗa in goge baki. In zan gaishe shi daga nesa nake durƙusawa, kaina a ƙasa, gaisuwar ba ta wuce kalma biyar. Haka na taso na gani, haka nake yi, ban kuma taɓa jin nauyin abin ba.

Amma a jikin katangar da ta raba turakarsa da tsakar gida akwai wani ɗan gurbi da aka bari don ajiye fitila. Kwanana uku a gidan, ina shara da yamma, sai na ji an ajiye wani abu a gurbin nan daga ɗaya ɓangaren. Aka yi gyaran murya. Sannan na ji ya ce, ba da kowa ba, "Shayi ya yi saura. Ko da mai so." Na tsaya da tsintsiya a hannu har na ji takunsa ya yi nisa, sannan na ɗauka na shige ɗaki. Gaskiya kurɓar farko ban ji daɗi ba, na ce wannan wane irin shayi ne mai yaji kamar maganin mura. Kurɓa ta uku na fara neman ƙasan kofin. Daga ranar kullum shayi sai ya yi saura. Ko baƙi goma ya yi, ko madarar ta yi kaɗan, sai ya yi saura daidai kofi ɗaya, da zafinsa, da kumfarsa. Ni kuma in wanke kofin in mayar gurbin kafin magariba.

Uwar maigidana ta rasu tun kafin a kawo ni, don haka mai riƙe da cikin gida ita ce yayar Baba, wadda kowa ke kira Goggo. Ta yi aure a Gumbin Kure, mijin ya rasu, ta dawo gidan ƙanenta. Gajeriya ce mai kaifin baki, kuma ita kaɗai ce a duniya ke iya yi wa shayin Baba dariya a gabansa. Kunun Indiya take ce masa. Takan ce namiji da gemunsa ya zauna yana daka kamar mai jego, Allah ya sawwaƙe. Shi kuma ya ce wanda aka raina harshensa da daddawa ba zai gane ba. Kullum haka suke, in ba su yi ba gidan ba ya daɗi.

A makona na uku aka sa ni girki karo na farko. Miyar kuka zan yi, ina so in burge. Babban turmi an jiƙa gero a ciki. Ina dube-dube sai na hango wani ɗan turmi mai kyau an ɗora shi a kan katanga yana shan rana. Ban taɓa ganinsa ba, don ban taɓa leƙa inda ake shayin ba, kofi kawai na sani. Na ce a raina mutanen gidan nan 'yan gayu ne, har turmin kayan miya gare su na musamman. Na sauko da shi, na zuba daddawa da barkono da tafarnuwa, na daka su lilis. Har ina yaba yadda taɓaryar ta zauna a hannu.

Goggo ce ta fito daga ɗaki ta gan ni. Ba ta yi ihu ba. Ta dafa ƙirji ta yi salati a hankali, ta ce, "Ɗiyar nan, kin san mi kit taɓa?"

Sai ta faɗa mini turmin shayin Baba ne. Na kwashe dakan, na wanke turmin da ruwan zafi, na goge da toka, na matsa lemun tsami, na sake wankewa. Sau uku na yi haka ina kuka. Na kife shi a inda na ɗauko shi. Amma itace ne, ya riga ya sha.

Bayan la'asar na ji ƙarar daka, na ji ƙanshi ya taso, sannan na ji shiru. Can sai ga Baba a tsakar gida da turmin a hannu, abin da ba ya yi, don da wuya ya shigo ciki da rana. Ina bakin murhu na durƙusa, kaina kamar zai shige ƙasa.

"Wa yat taɓa turmin ga?"

Kafin in buɗe baki Goggo ta ce daga inda take zaune tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba, "Ni ta. Turmi dai na, ba Alƙur'ani ba. Daddawa nid daka, kuma gobe ma in na so sai in daka."

Ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya ce ta daɗe tana neman hanyar da za ta kashe masa shayi. Ta ce da ya mutu da an huta da hayaƙi. Ya ce gidansa ne. Ta ce ta riga shi zuwa duniya, ta goya shi, ya yi mata fitsari a baya. Ya juya ya fita. Ranar ma, duk da haka, da na duba gurbin sai na ga kofi. Na sha ina hawaye, shayin nan ɗanɗanon miya yake yi.

Da yamma na je ɗakin Goggo na ce zan je in faɗi gaskiya. Ta kama kunnena. "In kib buɗe baki, ba ni ba ke. Ke sabuwa ta, in anka sa miki suna yanzu, hal ki tsuhwa ana kiranki mai daddawa. Ni mi za a yi min? Kora ta za shi yi?"

Haka suka yi gaba tun daga dashen albasa har aka fara cira. In Baba yana son wani abu sai ya ce wa maigidana, ka ce wa goggonka kaza, alhali tana zaune taku uku daga inda yake. Ita ma ta ce, ka ce wa ubanka na ji. Turmin kuwa ya yi wata yana jiƙa shi da madara yana shanyawa, yana daka busasshiyar citta yana zubarwa. Warin ya tafi, ko kuma mun saba. Suka shirya ba tare da kowa ya san ranar ba, aka wayi gari kawai ana jin ta tana ce masa mai jego.

Shekaru suka wuce. Na samu aikin koyarwa a firamare, na yi ta haihuwa, kofi na ta zuwa gurbi. Lokacin da na yi ɓari na kwanta, sai ya riƙa ƙara citta a nawa, ya aiko da shi har ɗaki ta hannun Goggo, da saƙon wai yau ma ya yi saura. Ranar da na yi faɗa da maigidana har na fara haɗa kaya, ban san yadda ya ji ba. Na dai tarar da kofi biyu a gurbin, aka yi gyaran murya, aka ce, "Yau saura biyu yay yi. Ba a shan wanga mutum ɗai." Na kai wa ɗansa nasa ina ɗaure fuska, muka sha, kayan ba su bar ɗaki ba.

Sai Goggo ta rasu. Kwana biyu kawai ta yi tana zazzaɓi. Ta tafi da laifina a kanta, kuma daga nan abin ya fara cina. Don duk lokacin da aka ambace ta a majalisar shayi, ina jiyo Baba ta bayan katanga yana cewa, "Allah shi ji ƙan yayata. Ba ni mance abin da tay yi ranar turmin ga." Sai mutane su yi dariya, a sake ba da labarin tsohuwar da ta daka daddawa a turmin Indiya. Jikokinta ma da wannan suka san ta. Ni kuwa in ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Tana raye ta hana ni magana, yanzu ta mutu ana yi mata dariya a kan abin da ba ta yi ba, shi kuma yana ta ciyar da mai laifin da hannunsa. Sau nawa na shirya maganar a bakina. In na durƙusa gaishe shi sai in ji ba abin da ke fitowa sai ina kwana. Na gaya wa maigidana, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce abin da ya wuce shekara goma sha wa zai tono. Bai gane ba. Ni tsoro nake ɗayanmu ya mutu ban wanke ta ba, ban kuma nemi gafararsa ba.

Da hannunsa ya fara rawa, sai ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. Ya koma yin shayin a jikin katanga daidai gurbin, kuma ya fara magana da tukunya. In na zauna ta ciki ina gyaran wake sai in ji shi da ƙarfi, "To, ke citta, awa kan babban yatsa ki ke, ba a wuce haka. Kanumhwari ukku, na huɗu ɗaci na. Ke madara, ba ki shiga sai ganye ya ba da launi." 'Ya'yansa suka ce tsufa ya fara taɓa Baba. Babu ɗaya cikinsu da ya taɓa tambayarsa yadda ake yi, sha kawai suka iya. Ni na san da wa yake. In wani abu ya wuce ni sai in daina motsa tiren wake, shi kuma sai ya sake faɗa wa tukunyar, a hankali.

A damanar bana ya kwanta. Ƙafafu suka kumbura, abinci ya ƙi shiga. Aka kai shi asibiti aka dawo da shi. Kwana tara gurbin nan babu kofi, ina wucewa ina kau da kai. Rana ta goma bayan la'asar maigidana ya shigo da turmin a hannu, ya ce, "Baba ya ce a ba Amarya."

Na wanke hannu sau biyu. Na yi yadda ya gaya wa tukunya, madara ta taso sau uku na ɗaga. Na zuba a kofinsa na miƙa wa maigidana, sai ya ce a'a, cewa ya yi ki kawo da kanki. Ban taɓa shiga ɗakin ba. Na yi sallama na durƙusa a bakin ƙofa, na tura kofin da hannu biyu. Maigidana ya tallafe shi ya zauna, sannan Baba ya ce masa ya ba mu wuri. Ya fita ya tsaya a ƙarƙashin darbejiya.

Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye da ƙyar. "Masoro ya ɗan yi yawa," in ji shi. "Amma tukunyar ga ta ji karatu."

Na ga yadda wuyan hannunsa ya zama kamar kara, na san in ban faɗa yau ba shi ke nan. Na dubi tabarma na ce, "Baba, ina neman gahwara. Turmin nan, ba Goggo ta ba. Ni nid daka daddawa ciki. Ta rufa min asiri na, kuma ta tahi ana ganin laihinta."

Sannan na ji wani sauti, na zaci tari ne, ashe dariya ce.

"Amarya, turmin da anka wanke da toka da lemu hal sau nawa, anka kihe shi daidai inda yake? Wanga aikin mai tsoro na. Yayata da ita ta, da ta bar min daddawar ciki in gani da idona."

Na ɗago kai, karo na farko a rayuwata na dubi fuskarsa sosai.

"Tun ranar nis sani. Da nis shigo nig gan ki bakin murhu kina rawa, nig ga ta amsa, sai nig gane inda ta nuhwa. In ban yi hwaɗa ba, gida zai ce ba ita ta ba, a shiga neman mai shi. To sai munka yi. Ita ko daɗi ta ji, ta samu inda za ta zage ni wata huɗu."

Na ce, "Amma Baba, kullum kana cewa ba ka mance abin da tay yi."

"Ba ni mancewa. Cikin duk alherin da tay yi a duniya, wanga ni ka hwara tunawa in za ni yi mata addu'a." Ya numfasa. "Na so in hwaɗa miki ki huta. To ta ina? Ke kina jin kunyata, ni ma kunyarki ni ka ji."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Shekara ashirin ina ganin ni kaɗai ce a bayan katangar. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce ya yafe, duniya da lahira, ni ma in yafe masa tsoron da ya ba ni ranar. Sai ya turo kofin wajena, da sauran rabi a ciki.

"Saura abu guda. Tun da anka kawo ki ni ka aje kohi bisa katanga, yana dawowa wankakke. Ban sani ba ko sha ki kai, ko awaki ki ka ba. Sha in gani."

Na ce, "Baba, ka yi min rai."

"Shayi ya yi saura," in ji shi. "Ko da mai so."

Na ɗauka. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani, amma ban iya ba. Na juya na fuskanci bango, na ja mayafi na rufe kaina da kofin gaba ɗaya, na kurɓa sau ɗaya.

"To," na ji ya ce a bayana. "Ban gani ba, amma na ji kin haɗe. Ya isa."

Bayan kwana huɗu ya cika, da safe, 'ya'yansa na kewaye da shi.

Madarar da Bafulatanar nan ta bari ranar ban taɓa ta ba, ta yi tsami aka dama fura aka yi sadaka. Ranar uku ta sake kawowa. Bayan la'asar na ɗauko turmin na yi babbar tukunya, na rage masoro, na aika wa maza a waje. Maigidana ya ce tsohon nan na Gumbin Kure ya sha har ƙasa, ya miƙa kofi a ƙara masa, bai tambayi wanda ya dafa ba. Da zai tafi ne ya ce a gaishe da Amarya. A wurin ne kuma maigidana ya faɗa wa jama'a ainihin wadda ta daka daddawa, don na roƙe shi ya faɗa. Aka yi dariya, aka yi wa Goggo addu'a tare da ƙanenta. Yanzu akwai masu kirana mai daddawa, ina amsawa.

Da na gama rabo sai na ga ya yi saura, daidai kofi ɗaya. Ban yi niyya ba, hannuna ne ya auna yadda aka koya masa. Na ɗauka na wuce gurbin, na zagaya ta ƙofa na shiga ɗakinsa. Ba a naɗe tabarmarsa ba tukuna. Na zauna a inda na durƙusa ranar, na sauke mayafi, na fuskanci inda yake zama, na shanye har ƙasa ban juya baya ba.

Allah ka ji ƙan Baba, ka haɗa shi da yayarsa a inda babu gaba ko ta wasa. Ka shayar da shi abin da ya fi wanda ya shayar da mu, ka ba shi cikakke, kada ya zama saura.